Wata Uku Suka Hana Ni Digiri a Accra

Tun da na dawo daga Ghana ban samu sakat ba. A masallaci, a ɗakin malamai, har wurin mai shayin bakin tasha, tambayar ɗaya ce: "Malam Lawali, ya ƙasar mutane? Yaushe ne walimar digirin?" Na gaji da cewa sai a hankali. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru tun daga tushe, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar fasaha a nan Ƙauran Namoda, yau shekara goma sha huɗu. Babbar difloma gare ni. Waɗanda na koya wa yadda ake riƙe waya ba ta ja mutum ba sun tafi sun yo digiri na biyu, sun dawo sun zama shugabannina. Da na nemi jami'o'inmu sai aka ce sai na fara yin wata diflomar tukuna, ga yajin aiki da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Ana haka na samu wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a wajen birnin Accra, wadda ba zan kama sunanta ba. Suka karɓe ni a sashen injiniyan lantarki da kwamfuta, suka aiko da sharuɗɗa a rubuce. Kwas goma ta intanet, kowanne da makin da ba a sauka ƙasa da shi. Kundin bincike wanda mutum zai zo da ƙafarsa ya kare a gaban malamai. Kuma komai a cikin shekara huɗu, ba ƙari.

Kwasa-kwasan na cinye su, duk da akwai lokacin da aka yanke layukan waya a jiharmu, sai na shiga mota har Funtuwa in tura aikin gida in juyo. Saura kundi. Na haɗa wani akwati da ke auna damshin ƙasa da zurfin ruwan rijiya, ya kunna famfon sola da kansa, ya kashe da kansa, yana rubuta komai a memori. A takardar da makaranta ta amince da ita na ce zan gwada shi wata goma sha biyu cur. Ni na rubuta hakan da hannuna.

Na dasa shi a garkar Kawu Ɗahiru, wato lambunsa na noman rani, a Dauran ta ƙasar Zurmi. Ƙanin mahaifiyata ne. Bai yi boko ba, amma ya koyi cire memorin ya sa wani, duk ƙarshen wata ya ba mai mota ya kawo min. Har tabarma ya yi wa akwatin rumfa da ita. A wata na tara, farkon damina, 'yan bindiga suka shiga yankin da hantsi, mutanen gefen fadama suka watse. Bayan kwana biyu Kawu ya koma shi kaɗai, ba wanda ya aike shi, wai zai ɗauko akwatin Lawali. Ya tarar da su a garkar suna kwance faifan sola. Suka doke shi da gindin bindiga har suka karya masa hannun dama wuri biyu, suka jefa akwatin cikin wutar da suka cinna wa bukkarsa. Da suka tafi ya jawo shi da sanda, ya rungumo shi da hannu ɗaya har bakin titi. Hannun bai koma daidai ba. Yanzu a gidana yake zaune.

Na rubuta wa malamin da ke duba aikina, wanda zan kira Dokta kawai, na ce wata tara gare ni, ba inda zan sake dasawa, ga wa'adi ya zo wuya. Ya ce in zo, za a duba. Da wannan "za a duba" na kama hanya.

Na bar Ƙaura da safe, akwatin na naɗe cikin tsohon zanen matata a ƙasan jaka. Ku da kuka san hanyar Gusau ba sai na gaya muku ba: ba mai magana a mota, kowa idonsa na kan daji, sai an hango gari a ji ajiyar zuciya. A Gusau na shiga babbar motar Legas, Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijo mutumin Shinkafi, Alhaji Bawa, wanda ya shekara talatin yana kai fata da takalma Ghana. Tun kafin mu fita gari ya san sunan kakana. Da na gaya masa abin da zai kai ni, ya daɗe yana kallona.

"To, in sunka ba ka takardar, mi za ta ƙara ma?"

Na ce girma a wurin aiki.

"Allah shi sa," in ji shi, ya ɓalle goro ya ba ni rabi.

Kwana muka yi a hanya. Inda aka tsaya cin abinci bayan mun haye Kwara aka zubo min wani baƙin tuwo mai santsi da miya mai yauƙi, na yi loma uku na haƙura. Alhaji ya share nasa ya jawo nawa. Ya ce wanda ke zaɓen abinci bai fara tafiya ba. Legas kuwa ba abin da zan ce na gani sai ƙeyar Alhaji, don ita na bi a guje daga wannan tasha zuwa waccan, jaka a ƙirji.

Daga Legas zuwa Accra iyaka uku ake ƙetarewa a yini guda. Ka fita Najeriya ka shiga Binin, ka fita ka shiga Togo, kafin ka gyara zama an ce ku sauko ga Ghana. Kowace iyaka a sauke ku, a duba fasfo, a duba katin rigakafi, a buɗe jaka. A ɗaya daga cikinsu, inda ake Faransanci, jami'in da ke bincike ya kwance zanen matata. Ya ga akwati baƙi ƙirin da ƙuna, wayoyi ja da baƙi sun leƙo. Ya buɗe fasfona ya karanta inda aka haife ni. Ya ja da baya taku biyu ya kira na sama da shi.

Ban ga laifinsa ba, amma na ji abin har cikin ƙashina. Abin da aka ƙona mana shi ne ya zama shaida a kaina. Suka zaunar da ni a benci, suka ajiye akwatin can tsakiyar fili cikin rana. Direbanmu ya jira kaɗan, ya sauke jakata ya yi gaba. Alhaji Bawa ya sauke nasa kayan shi ma. Na ce ya tafi kada in ɓata masa kasuwa.

"Tare munka taho," ya ce, ya shimfiɗa buzunsa a inuwa.

Shi ya yi min tafinta da guntun Faransancinsa na kasuwa. Na roƙi a ba ni batirin babur da kofin ruwa. Bayan doguwar shawara aka kawo, kowa ya matsa nesa. Na haɗa wayoyin, ƙaramar fitilar ta kama, don wutar bukkar ba ta kai ga cikinsa sosai ba. Na tsoma ma'aunin a ruwa, akwatin ya yi ƙas, na cire ya sake yin ƙas. Na ce da famfo ne, da yanzu ya mutu, yanzu kuma ya tashi. Babban nasu ya sa na maimaita har sau biyar, sannan ya yi dariya ya ja ni ofishinsa ya nuna min fankar da ta daina juyawa. Na gyara masa. Awa huɗu muka yi a wurin, sannan muka samu wata motar. Daga nan har Accra Alhaji bai sake kirana da sunana ba, sai Injiniya.

Ya sauke ni a unguwar Nima, gidan wata Hajiya Memuna mai ba baƙi ɗaki. Kakanta daga ƙasar Sakkwato ya zo fataucin goro, ita kuwa ba ta taɓa taka Najeriya ba. Hausa take yi tsaf, sai dai Hausar tasu ba ta raba mace da namiji. Da ta ce min "'yata ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo," na ɗauka 'ya'ya biyu take nufi. Ita ma dariya take yi in na ce ukku, tana cewa bakin kakanta sak.

Da safe ta kawo min abin da suke kira wace. Shinkafa da wake ce tamu, amma ja, don da karan dafi suke dafa ta, wanda mu fata muke rinawa da shi. A kai an ɗora taliya, da garin rogo, da dafaffen ƙwai, da wani baƙin yaji mai kifi, duk a cikin ganye ɗaya. Na ce Hajiya, wannan ai abincin gida uku ne. Amma na cinye. Wanda ya gagare ni shi ne dokunu, tuwon masara mai tsami kamar an manta da shi kwana uku.

Abubuwa biyu suka tsaya min a rai a garin. Na farko makoki. Na ga manyan hotunan mutane a bango, na zaci 'yan takara ne, ashe matattu ne ake sanar da bikin binne su. Hajiya ta ce waɗanda ba Musulmi ba sukan ajiye gawa a sanyi wata da watanni, sai dangi sun taru an ɗinka ja da baƙi an kira makaɗa. Na tuna yadda muke yi, a rasu da safe a rufe kafin azahar, wani lokacin ma mutum bakwai a jere, a yi sauri a watse kada a dawo a same mu. Na biyu kuwa wuta. Kwana shida na yi, sau ɗaya na ga ta ɗauke, kafin in gama alwala ta dawo. Ni da nake koya wa yara lantarki a ajin da babu lantarki, na riƙa kallon ƙwan ɗakin kamar baƙauye.

Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida, babura wajen shida suka shigo layin a tare. Ban san lokacin da na miƙe na kama ƙofa ba. Hajiya ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta daina.

Ranar kare kundi na sa farar shadda. Makarantar tsaf, ciyawa a aske, kowa da katinsa a wuya. A nan na fara ganin Dokta ido da ido bayan shekara kusan huɗu ina jin muryarsa. Ashe na girme shi. Ya rungume ni ya ce kada in damu.

Malamai uku ne a teburin, shugabarsu wata farfesa mai furfura. Kafin ni wata matashiya ta kare nata. Aikinta a kan raba wuta ne tsakanin unguwanni, kuma duk a cikin kwamfuta ta kwaikwayi abin, ba ta taɓa waya ko ɗaya ba. Ta san aikinta, ban yi mata hassada ba. Aka tafa mata.

Da aka kira ni na ɗora akwatin a kan tebur, na yi bayani minti ashirin. Na nuna yadda ruwan da Kawu ke sha wa albasa ya ragu, albasar kuma ba ta ragu ba. Suka yi ta tambaya a kan batir, da lissafin da ke sa famfo ya tashi, da dalilin da na zaɓi wannan ma'auni ban zaɓi wancan ba. Ba wadda ta kayar da ni. Ɗayansu har ya taso ya leƙa cikin akwatin ya ce haɗin ya yi kyau. Sai Farfesa ta buɗe takardar da aka amince min da ita tun farko, ta ɗora yatsa.

"A nan ka ce wata goma sha biyu. Tara muke gani."

Na ba su labarin yadda na ba ku, ban ƙara ba ban rage ba. Na ƙara da cewa wata ukun da suka rage na damina ne, lokacin da ba mai ban ruwa, famfo hutawa yake yi.

Wanda ya yaba haɗin ya ce, "Amma a damina ne hadari ke rufe rana. A nan ne za a san ko batirinka zai riƙe akwatin."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Na ce haka ne.

Suka fitar da ni suka yi shawara, suka dawo da ni. Farfesa ta ce ta yi baƙin ciki da abin da ya sami kawuna, kuma na ga alamar da gaske take. Sannan ta karanta min doka. Kundi ba ya wucewa sai ya cika abin da aka amince da shi. In ina so in mayar da sauran watannin kwaikwayo a kwamfuta kamar na matashiyar nan, sai an sake amincewa da sabon tsari, wannan kuwa zango guda yake ci. Shekaruna huɗu saura mako uku su cika. Na ce a ƙara min zangon. Ta juya shafi ta ce ana ƙara wa wanda ya kwanta asibiti shi da kansa, da wadda ta haihu. Na ce, wanda aka tashi garinsu fa? Ta sake duba shafin, kamar mai fatan ta gani a ciki, ta ce babu wannan.

A baranda Dokta ya biyo ni, ya rage murya.

"Malam Lawali, me ya sa ka kawo tara? Kana da wata tara na gaskiya. Da ka sa kwamfuta ta cike ukun, wa zai je Zamfara ya duba?"

Duk abin da aka yi min a tafiyar nan ba wanda ya yi min ciwo kamar wannan. Shi ne fa ya ce in zo za a duba. Kuma ba zan yi muku ƙaryar waliyyaka ba, na yi tunanin hakan tun a gida, har na buɗe kwamfutar da niyya. Abin da ya hana ni shi ne layin ƙarshe na memorin da Kawu ya ɗauko. Akwatin yana auna zafin cikinsa. A layukan ƙarshe zafin yana hawa, yana hawa, sannan babu komai. Wannan shi ne lokacin da Kawu ke kwance a ƙasa da karyayyen hannu. In goge wannan, in jera lambobi masu kyau a ƙarƙashinsa kamar an yi damina lafiya a Dauran, hannuna ya ƙi. Ban gaya wa Dokta haka ba. Na ce masa na gode da ɗawainiya.

Washegari ofishin makaranta ya ba ni takardar shaidar kwas goman da na ci. Difloma ce. In ina son digirin, sai in sake neman shiga daga farko. Matar da ta miƙo min har da cewa tana taya ni murna.

Alhaji Bawa bai gama sayar da fatunsa ba, don haka ni kaɗai na juyo. Da na je sallamarsa na gaya masa, bai yi min wa'azin haƙuri ba, ya dai raka ni tasha ya riƙe min jaka har mota ta cika. Hajiya Memuna ta cusa min kwalbar baƙin yajin nan, ta ce in kai wa kawun nawa. Ashe Alhaji ya ba ta labari. Na bar akwatin a saman kaya yadda kowa zai gani, amma a dawowa ba wanda ya ko tambaye ni mene ne.

Na iso Ƙaura ana kiran la'asar. Kawu na zaune a ƙofar gida kan tabarma, hannun na kwance a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can. Na ajiye masa kwalbar na ce saƙo ne. Tun daga Legas nake shirya yadda zan faɗa masa, amma da ya dube ni duk ya zube.

"Sun ba ka?"

"Ba su ba ni ba, Kawu."

"Akwatin ne bai yi ba?"

"Ya yi. Sun ce ya yi kyau. Wata uku ne ba su cika ba, na damina."

Ya bi wani mai kura da kallo har ya wuce da jarkokinsa.

"Wata ukku," ya ce. "To, ka rubuta musu. Ka ce garkar tana nan inda take, rijiyar ma ba a ɗauke ta ba. Wanda duk ka son wata ukku, shi taho shi auna."

Sannan ya ɗauki kwalbar da hagu, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya yi ta murɗa murfin. Na zauna ina kallo, na kasa miƙa hannu, har sai da ya gaji ya turo min ita.

"Buɗe man, Lawali. Mu ji abin da ka samo."